Farautar Ɓoyayyar Ajiya: Tarihin Geocaching da Yadda Hunturu Ya Horar da Shi

Geocaching wasa ne na neman abin da wani ya ɓoye a fili, da taimakon na'urar GPS. Mutum zai sami akwati ko gwangwani mai murfi, ya sa ɗan littafi a ciki, ya kai shi daji ko gefen hanya ko wani lungu na gari ya ɓoye, sannan ya wallafa lambobin wurin a intanet. Duk mai sha'awa sai ya shigar da lambobin a na'urarsa, ya bi ta har ya isa, ya lalubo ajiyar, ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafin, ya mayar da ita yadda ya same ta. Babu kuɗin da ake ci, babu alƙalin wasa, babu mai gadi. An fara wasan a Amurka a shekarar 2000, yau kuma akwai ajiya sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190. Mafi yawansu suna Turai da Arewacin Amurka, inda a wurare da dama dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa na tsawon watanni. Shi ya sa tarihin wasan ba ya cika sai an haɗa da abin da hunturu ya koya wa masu yin sa.

Tushe na farko: kwalbar Dartmoor

Tun kafin a san tauraron ɗan'adam, Ingilawa suna da wata al'ada mai kama da wannan. A 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott, mutumin garin Chagford, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wani wuri mai laka da wuyar shiga a tsakiyar tuddan Dartmoor da ke kudu maso yammacin Ingila. Duk baƙon da ya jure tafiyar har ya isa sai ya jefa katinsa a ciki, shaidar cewa ƙafarsa ta taka wurin. Daga baya aka maye gurbin kwalbar da akwati, aka sa littafin baƙi, matafiya kuma suka riƙa barin wasiƙu domin wanda ya zo bayansu ya kai gidan waya. Daga nan al'adar ta sami sunan letterboxing.

Ta daɗe tana tafiyar hawainiya. A 1938 aka kafa wani akwatin a Duck's Pool don tunawa da marubucin Dartmoor William Crossing, amma akwatunan ba su yawaita ba sai a ƙarshen ƙarni na 20, lokacin da suka kai dubbai. Kowane akwati yana da hatimin roba nasa, kowane mai nema ma yana yawo da nasa, ana kuma bin kwatance da taswira da kamfas. A watan Afrilun 1998 mujallar Smithsonian ta buga labarin al'adar, sai Amurkawa suka karɓe ta. Abubuwa uku da geocaching ya tsayu a kansu duk sun riga sun bayyana a Dartmoor: ɓoyayyen akwati, littafin sa hannu, da amincewa cewa baƙo ba zai ci amana ba.

Tushe na biyu: taurarin sojan Amurka

Rundunar sojan Amurka ce ta gina tsarin GPS. An harba tauraronsa na farko a 1978, aka kuma ayyana cewa ya kammala a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya a tazarar kilomita kusan 20,200 daga ƙasa. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana watsa saƙon da ke faɗin inda yake da lokacin da saƙon ya tashi. Na'urar da ke hannun mutum tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, kuma da zarar ta ji daga taurari huɗu sai ta lissafa inda take. Amsar takan fito a lambobi biyu: ɗaya na nuna nisan wurin arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, ɗaya kuma nisansa gabas ko yamma da layin Greenwich.

A 1983, bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya ɓata hanya ya shiga sararin samaniyarta, Shugaba Ronald Reagan ya yi alkawarin cewa farar hula za su amfana da tsarin. Sai dai sojoji sun riƙa gurɓata saƙon da gangan saboda dalilan tsaro, ta yadda na'urar farar hula kan iya kuskure da mita 100. Wannan ya ishi jirgin ruwa a teku, amma bai ishi mai neman gwangwani a gindin bishiya ba. A ranar 1 ga Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da sanarwar daina gurɓatawar, aka kuma kashe ta a daren, wayewar 2 ga wata. Gari na wayewa kuskuren ya sauko zuwa mita 10 ko kusa da haka.

Bokitin Beavercreek

A ranar 3 ga Mayun 2000 wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada sabon daidaiton. Ya ɗauki baƙin bokitin roba, ya zuba masa littattafai, kaset-kaset na bidiyo, manhajar taswira, gwangwanin wake, kuɗi kaɗan, danƙon harbin tsuntsu, da littafin sa hannu. Ya kai shi kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya binne rabinsa a ƙasa, ya wallafa lambobin wurin ga masu sha'awar GPS a intanet. Ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda ya ɗauki wani abu ya bar wani. Cikin kwana uku mutum biyu suka gano bokitin. Ɗaya daga cikinsu, Mike Teague na garin Vancouver a jihar Washington, shi ya fara tattara jerin wuraren da ake ɓoye irin wannan ajiya.

Abin ya bazu da sauri. Ajiyar Mingo da aka ɓoye a jihar Kansas ranar 11 ga Mayun 2000 ita ce mafi tsufa da har yanzu ake nema. A cikin watan nan aka ɓoye ta farko a New Zealand, ranar 3 ga Yuni ta farko a Turai a kan tudun Bray Head na ƙasar Ailan, a ƙarshen Yuni kuma ta farko a Kanada, a lardin Nova Scotia. Matt Stum ne ya ƙirƙiro sunan geocaching ranar 30 ga Mayu. A ranar 2 ga Satumba Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75 kacal, sannan shi da Elias Alvord da Bryan Roth suka kafa kamfanin Groundspeak a birnin Seattle. Shi kuwa bokitin Ulmer bai yi tsawon rai ba: injin yankan ciyawa na ma'aikatan hanya ya lalata shi, aka kafa allon tunawa a wurin a 2003.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da sababbin abubuwa. A 2001 aka fito da ƙananan alamun ƙarfe masu lamba da ake ɗaurawa a jikin wani abu ya riƙa ƙaura daga ajiya zuwa ajiya, mai shi yana bin sawunsa a intanet. A shekarar ce kuma Jon Stanley ya buga tsabar wasan ta farko. A 2004 Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Amurka ta shigo da nau'in da babu akwati a cikinsa, sai dai mutum ya je ya ga wani abin al'ajabi na ƙasa ya amsa tambayoyi. Da wayoyin hannu masu GPS a cikinsu suka yawaita, ƙofa ta buɗe ga wanda ba zai iya sayen na'ura ta musamman ba. Ajiya ta kai miliyan 1 a 2010, miliyan 2 a 2013, miliyan 3 a 2017. Richard Garriott ya bar ɗaya a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2008, motar binciken Perseverance kuma ta sauka a duniyar Mars a watan Fabrairun 2021 ɗauke da lambar wasan a jikinta.

Dokoki ma sun girma tare da wasan. An hana binne ajiya, duk da cewa ta farko binne ta aka yi. An hana sa abinci, domin yana jawo namun daji. Dole a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya biyu, a kuma nemi izinin mai fili. Kowace ajiya tana da maki biyu daga 1 zuwa 5: ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar hanya. Masu sa kai ne ke duba kowace sabuwa kafin a wallafa ta.

Abin da sanyi ke yi wa ajiya

Hunturun da ake magana a kansa ba irin na ƙasar Hausa ba ne mai ƙura da hazo da kaushin fata. A Kanada, Finlan, Swidin, Nowe da arewacin Amurka, sanyi kan kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili, tafkuna su daskare, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa ko ƙugu. Masu ɓoye ajiya na farko sun yi aikinsu ne a watannin ɗumi, suna cusa akwati a ƙarƙashin kututture ko tsakanin duwatsu. Da hunturu ya shigo sai ta bayyana cewa na'ura na iya kawo mutum daidai wurin, amma duk alamun da ido ke dogara da su sun shafe. Tarin sanduna, dutsen da ya zauna ba bisa ƙa'ida ba, ramin da ke gindin bishiya, duk sun koma shimfiɗa ɗaya fara fat. Da'irar mita 10 da mutum kan duba a cikin minti biyar lokacin ɗumi, yanzu sai ya haƙa ta.

Akwatin kansa ma yana shan wuya. Raɓa da ɗigon ruwa kan shiga ciki, kuma ruwa idan ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya tsaga roba ko ya ɗaga murfi. Robar banza kan bushe ta yi ƙaras, da an matsa ta ta fashe. Littafin da ya jiƙe a kaka yakan zama dunƙule guda, ba a iya buɗe shafinsa sai an ɗumama shi a cikin riga. Wani lokacin mai nema zai ga ajiyar ƙuru-ƙuru a cikin kogon bishiya, amma ƙanƙara ta riƙe ta gam, ya kuma san in ya dage da ƙarfi zai fasa kayan wani. Wannan ne ya ɗaukaka darajar tsohon akwatin harsashi na soja: ƙarfe ne, yana da zoben roba a bakin murfi da maƙulli mai matsewa, yana shekaru a waje cikinsa a bushe.

Daga wannan wahala aka sami gyara. Masu ɓoyewa a ƙasashen sanyi suka koyi rataye ajiya a reshe sama da inda dusar ke kaiwa, ko manna ƙaramin gwangwani mai maganaɗisu a bayan allon hanya. Shafin wasan ya sa wata alama mai siffar ƙwayar dusar ƙanƙara da mai ajiya zai liƙa don nuna cewa ana iya samun tasa a hunturu, da wasu alamun da ke nuna hanyar da ake bi da faffaɗan takalmin dusa, ko sandunan zamiya, ko babur ɗin kan ƙanƙara. Mai nema da ya san abin da yake yi yakan tace jerinsa da waɗannan alamun, ya kuma karanta bayanan waɗanda suka je wurin a hunturun baya kafin ya fita.

Kayan aiki ma sai da suka sauya. Tawadar biro kan daskare ta ƙi rubutu, don haka fensir ya zama abokin tafiya. Sanyi yana rage ƙarfin batir, wayar da ke nuna rabin caji na iya mutuwa farat ɗaya. Ana ɗaukar ta a aljihun ciki kusa da jiki, masu na'urar hannu kuma su sa batirin litiyom wanda ya fi jure sanyi. Ana tafiya da ƙaramin shebur da sanda, ana caka sandar a hankali cikin dusa ana sauraron amon ƙarfe ko na roba. Masu yin wasan sun san wannan amo: bayan rabin sa'a ana caka ƙasa da saiwa, sai sandar ta ce ƙwal, mutum ya durƙusa ya share da hannu, koren murfi ya bayyana.

Ƙofofin da hunturu ke buɗewa

Da wahala kaɗai ke cikinsa da an daina tuntuni. Hunturu yana kawar da abubuwa da dama da ke damun mai nema a lokacin ɗumi: sauro, kaska mai ɗauke da cuta, ƙaya da ganyaye masu sa ƙaiƙayi. Bishiyoyi sun zubar da ganye, saƙon taurari yana isowa ba tare da cikas mai yawa ba, abin da aka rataye a reshe kuma ana hango shi daga nesa. Wuraren shaƙatawa sun yi tsit, babu idon 'yan kallo, waɗanda masu wasan ke kira muggle, sunan da suka aro daga littattafan Harry Potter.

Babbar garaɓasar ita ce daskararren ruwa. Ajiyar da ke kan tsibiri a tsakiyar tafki takan sami maki 5 na wuyar hanya, domin sai da kwalekwale ake zuwa. A watan Janairu ko Fabrairu, a ƙasar tafkuna irin Finlan ko jihar Minnesota ko lardin Ontario, mutum na iya takawa da ƙafa ya isa. Haka fadamun da ba sa shiguwa a sauran watanni. Saboda haka akwai masu ware irin waɗannan ajiyoyi tun lokacin ɗumi, suna jiran ƙanƙara ta yi kauri.

Sawu kuwa yana da fuska biyu. Wanda ya zo bayan wani yakan ga sawun ƙafa ya miƙe har gindin bishiyar, nema ya ƙare tun ba a fara ba. Amma sawun da ya taimaki ɗan wasa shi ne zai kai wanda ba ruwansa da wasan, ya ɗauke akwatin. Don haka aka saba, bayan an mayar da ajiya, mutum ya zagaya wasu bishiyoyi da duwatsu na kusa, ya tattake dusar ko'ina, ya ɓatar da sawun gaskiya cikin na ƙarya. Hakan na kare ajiyar, yana kuma bar wa na baya daɗin nemansa.

Duhu ma ya sami gurbi a wasan. A garin Tromso na Nowe rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, a kudancin Finlan ma hasken yinin Disamba kusan sa'a shida ne kawai. Wannan ya dace da nau'in ajiyar dare, inda ake kafa ƙananan ƙusoshi masu ƙyalli a jikin bishiyoyi. Da rana ba a ganin su, amma da an haska tocila a daidai tsayin ido sai su yi walƙiya ɗaya bayan ɗaya, su ja mutum har wurin akwatin. Abin da a lokacin ɗumi sai an jira tsakar dare, a hunturu ana yin sa da la'asar tare da yara.

Kalandar wasan ita ma tana tura mutane waje. Shafin yana nuna wa kowa ranakun shekara da ya taɓa samun ajiya a cikinsu, mutane da yawa kuma suna son cike duka 366. Gurbin 29 ga Fabrairu sau ɗaya yake zuwa a shekara huɗu, a tsakiyar sanyin arewa, ranar kan zama ranar taruka da fita rukuni-rukuni. Masu ƙoƙarin samun ajiya kowace rana ba fashi su ma sun san cewa watannin Janairu da Fabrairu ne ke gwada mutum.

Inda hunturu ke rufewa

Akwai wuraren da doka ko haɗari ke rufewa. A Jamus, ɗaya daga ƙasashen da wasan ya fi ƙarfi, dokar kare muhalli ta tarayya ta hana shiga koguna da tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai da jemagu ke kwantawa a cikinsu daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Maris. Jemage a barcin hunturu yana rayuwa ne da kitsen da ya tara. In aka tashe shi sai ya ƙone abin da zai kai shi ƙarshen sanyi. Masu ajiya a irin waɗannan wurare sukan dakatar da su har watannin su wuce.

A jihar Washington akwai ɗaya daga ajiyoyin da aka ɓoye a 2001 don tallata fim ɗin Planet of the Apes. Biyu ne suka rage: wannan, wadda ta ɓace a 2011 aka gano ta daga baya aka mayar a 2017, da wata a Brazil. Hanyar da aka fi bi zuwa gare ta ita ce ramin tsohon layin dogo na Snoqualmie mai tsawon kusan kilomita 3.7, ana kuma rufe shi daga 1 ga Nuwamba zuwa 1 ga Mayu saboda ƙanƙarar da ke taruwa a ciki tana faɗowa.

Haɗarin da ke kan jikin mutum shi ne mafi girma. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, tunani kan rikice, mutum ya kasa gane cewa yana cikin matsala. Yatsu da kunne da hanci kan daskare, musamman in ana iska. Kayan auduga suna riƙe gumi su sanyaya jiki, shi ya sa ake sa na ulu ko na zaren roba, hawa-hawa. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota ta ba da shawarar kada a taka sabuwar ƙanƙara sai ta kai kaurin santimita 10, kuma ko da hakan, takan yi rauni a bakin rafi da inda ruwa ke gudu a ƙarƙashi. A kan tsaunuka akwai zaftarewar dusa. Kibiyar na'ura miƙe take nunawa, ba ta san tafki ko kwari ba. Masu gogewa sukan yi wa wurin da suka ajiye mota alama a na'ura, su faɗa wa wani inda suka nufa, su riƙe taswirar takarda, su kuma yarda su juya. Rubuta cewa an nema ba a samu ba ba abin kunya ba ne a wasan. Yana taimaka wa mai ajiya da na baya su san halin da wurin ke ciki.

Abin da ya riƙe wasan

Fasahar da aka fara wasan da ita ta ci gaba ƙwarai. Wayar yau tana sauraron taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin, ban da na Amurka. Duk da haka aikinta yana ƙarewa ne 'yan mitoci kafin ajiyar, sauran kuma na ido ne da haƙuri. Hunturu ne ya fi fito da wannan fili, shi ne kuma ya fi gwada amanar da aka gada tun daga kwalbar Perrott. Mutum shi kaɗai a daji, yatsunsa na zafi don sanyi, babu mai ganin sa, amma sai ya share dusar da ta faɗa cikin akwatin, ya matse murfin da kyau, ya mayar da shi daidai inda yake, domin wani da bai sani ba wanda zai zo bayan wata uku. Idan masu nema suka daina yin haka, hunturu ɗaya ya isa ya lalata ajiya. Ta Mingo a Kansas, wadda aka sha sacewa ana maye gurbinta, ta wuce hunturu 20 tana nan a wurinta, domin a kowane lokaci an sami masu kula da ita.